Ta Ingila ko ta Beljiyam: wace giya mai ƙarfi ce ta cancanci a ajiye ta shekaru?

Wanda ya tashi a inda ake dafa burukutu ko fito ya san cewa giya ba ta son kwana. A dafa ta, ta tashi, a shanye cikin 'yan kwanaki. Ta wuce haka tsami ya kama ta. Ita ma ta kwalba da ake sayarwa a Jos ko Tamale, sabuntarta ce darajarta. Shi ya sa idan aka ce a Ingila da Beljiyam akwai giyar da ake sayowa a kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a ja ƙofa, a manta da ita shekara biyar ko goma, sai abin ya zo wa mutum bambarakwai. Akwai ta kuwa, kuma ba ta da arha, don haka gara a san wacce za a ɗauka tun kafin a zaro kuɗi. Magana ce ta manya waɗanda shan giya bai saɓa wa addininsu ba. Wanda ba ya sha, ya karanta don sanin abin da wasu ke yi a duniya.

Abin da ya sa wannan ke jure shekaru waccan ba ta jurewa, ƙarfi ne da kauri. Giyar yau da kullum, barasar cikinta kashi 5 cikin 100 ce ko kusa da haka. Waɗannan kuwa daga kashi 8 suke farawa, wasu su doshi 12. Barasa mai yawa ba ta barin ƙwayoyin da ke kawo tsami su sake, sannan an zuba tsiron sha'ir da yawa har yisti ya ci ya ƙoshi ya bar ragowar sukari. A wuyan kowace kwalba akwai 'yar iska da ta maƙale ranar da aka rufe ta, wata kuma tana silalowa ta gefen marfi kaɗan-kaɗan. Oksijin ɗin wannan iska shi ne mai aikin. Shi ke kashe ƙamshin hof, furen nan mai ɗaci da ake jefawa cikin tukunya lokacin dahuwa, ɗacin ma ya yi ta raguwa. Zafin da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro yana kwantawa, ko da yake barasar tana nan yadda take, jin ta ne kawai ya ragu. Zaƙin tsiro kuma ya juye daga na alewa zuwa na busasshen dabino, zabibi da ɓaure. Idan abin ya wuce gona da iri, shi dai oksijin ɗin ne ke kawo warin jiƙaƙƙen kwali. Duk abin da shekara ta ba giya, sai ta karɓi wani abu a madadinsa. Abin dubawa shi ne wace kwalba ce ke da abin bayarwa ba tare da ta tsiyace ba.

Ta Ingila ita ce aka gina musamman don jira. Wadda ta fi suna ita ce Thomas Hardy's Ale, wadda kamfanin Eldridge Pope na garin Dorchester ya fara dafawa a 1968, shekarar da marubucin da aka sa mata sunansa ya cika shekara 40 da rasuwa. Ƙarfinta ya kusa kashi 12, kuma takardar jikin kwalbar ta yi alkawarin za ta iya kai shekara 25. Eldridge Pope ya daina yin ta a 1999, kamfanin O'Hanlon's na yankin Devon ya ɗauka daga 2003 zuwa 2008, daga baya sunan ya koma hannun wasu 'yan kasuwar Italiya. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin suna ɗaya ne amma tukwane daban-daban ne. Kwalbar 1995 da ta 2005 da ta bana, shekaru ba su ne kaɗai suka raba su ba. Sai J.W. Lees Harvest Ale ta Manchester, mai kashi 11.5, wadda ake dafawa sau ɗaya a shekara tun 1986 da sabon girbin sha'ir da hof. Sai kuma Fuller's Vintage Ale ta unguwar Chiswick a Landan, wadda ta fito a 1997, mai kusan kashi 8.5, kowace kwalba da lambarta da kwalinta.

Sabuwar irin wannan giya, musamman biyun farko, ba ta da daɗin sha can-can. Tana da kauri kamar madi, zaƙi ya cika baki, barasa tana hawa hanci tun kofi bai kai leɓe ba. Wanda ya fara da sabuwa zai iya cewa an cuce shi. Amma a buɗe wadda ta shekara bakwai ko takwas a wuri mai sanyi. Marfi yana fita da 'yar ƙara, ba fashewa ba. Idan aka tsiyaya, ruwan ya yi duhu, daga ruwan zuma ya koma ja mai cizawa, kumfa 'yar siririya ce a gefen kofi, nan da nan ta baje. Ƙamshin farko na zabibi ne da mazarƙwaila, a bayansa akwai wani abu mai kama da fatar jima da busasshiyar taba. A baki, zaƙin yana nan amma ya daina manne wa harshe, ya rabu hawa-hawa: dabino a gaba, gyaɗa soyayya a tsakiya, ɗumi a ƙarshe da ke sauka ƙirji ba tare da ya karce maƙogwaro ba. Masu sha'awarta suna kwatanta ta da Sherry, tsohon ruwan inabin nan na Sifaniya, kuma ba su yi ƙarya ba, domin shi ma oksijin ne ke gyara shi.

Ta jure har ina? A 2006 an tarar da wasu kwalaben Ratcliff Ale, wadda kamfanin Bass ya dafa a 1869, a ma'ajiyar wani gidan giya a Burton upon Trent, aka buɗe aka ɗanɗana, ta shawu. Wannan dai abin ba da labari ne, ba ma'auni ba. A ganina, tsakanin shekara biyar zuwa goma sha biyu ne masu kashi 11 zuwa sama suka fi ba da abin da suke da shi. Fuller's, da yake ba ta kai su ƙarfi ba, tana nuna da wuri, kuma sabuwarta ma ana jin daɗinta. Sai dai tana da wani hali: kowace shekara ana canja irin sha'ir da hof ɗin da ake zubawa, don haka idan ka jera ta shekaru uku a tebur, ba za ka iya rantsewa cewa bambancin da kake ji na tsufa ne ko na girki ba.

Aibin ta Ingila a fili yake. Gas ɗin cikinta ba shi da yawa tun asali, shekaru kuma su ƙara tafiya da shi, har wani lokaci ta fito lumus ba kumfa. Sannan zaƙi ba ya barin ta. Wanda ba ya son abu mai zaƙi, ko shekara ashirin ya jira, ba za ta zama tasa ba.

Ta Beljiyam ginin ta daban ne tun daga tukunya. Ana ƙara sukari a kan tsiron sha'ir, kuma yisti yana cinye wannan sukari kusan tas. Sakamakon shi ne giya mai ƙarfi sosai amma marar nauyi a baki, zaƙinta bai kai na ta Ingila ba. Kafin a rufe kwalba ana sake zuba ɗan yisti da sukari, ta ƙara tashi a ciki, shi ya sa take da gas da kumfa mai tsayi, da laka a gindin kwalba. Ƙamshinta ma yawanci na yisti ne: ayaba, kanumfari, ɗan masoro, da 'ya'yan itace masu duhu.

Manyan sunayen nan uku na gidajen zuhudun Katolika ne na ɗariƙar Trappist. Chimay mai shuɗiyar takarda, kashi 9, daga gidan zuhudu na Scourmont inda ake dafa giya tun 1862; an fara yin ta ne a matsayin giyar Kirsimeti, kuma ana buga shekararta a jiki, abin da ke sauƙaƙa wa mai ajiya lissafi. Babbar kwalbarta ita ake kira Grande Réserve. Rochefort 10, kashi 11.3, daga gidan zuhudu na Saint-Rémy. Sai Westvleteren 12, kashi 10.2, ta gidan Sint-Sixtus, wadda samun ta ya zama aiki: yawanci sai an yi rajista ta intanet, an sami rana, an je da kai an ɗauko, da sharaɗin ba za a sayar wa wani ba. Duk wadda ka gani a kanti da tsadar gaske, ta bayan fage ta biyo, kuma ba ka san a wane zafi ta kwana ba. Ni dai ban ga abin wahalar ba alhali ga St. Bernardus Abt 12 ta ƙauyen Watou, mai kashi 10, a kantuna da yawa. Wannan kamfani shi ya yi wa gidan Sint-Sixtus giyar kasuwa bisa lasisi daga 1946 zuwa 1992, don haka dangantakar ba ta baka ba ce.

Babban abin da ta Beljiyam ta fi ta Ingila da shi, ba ta tilasta maka jira. Rochefort 10 mai wata shida a kwalba cikakkiyar giya ce. Idan ka ajiye ta kuma, yistin da ke raye a ciki yana cinye wani ɓangare na oksijin a watannin farko, ya zame mata garkuwa. Shekara biyu zuwa biyar, ayabar ta tafi, kanumfarin ya ja baya, sai ɓaure da zabibi da ɗan cakulan su fito, gas ya lafa har ta yi laushi a harshe. A nan take kai ƙololuwa. Bayan nan sai a yi hattara. Da yake ba ta da kaurin da za ta yi ta bayarwa, tana fara sirancewa, a ji ruwa-ruwa a tsakiyar kurɓi. Yistin ma ba ya rayuwa har abada. Idan ya mutu ƙwayoyinsa suka fashe, sai ya saki wani wari mai kama da na daddawa ko romon nama. Kaɗan daga cikinsa yana ƙara garɗi, wasu ma nemansa suke yi. Idan ya yi yawa, kofin ya tashi daga abin sha. Akwai kwalaben Chimay masu shekara goma sha biyar da suka yi kyau, amma wannan sa'a ce da kyakkyawar ajiya, ba abin da za ka dogara da shi ba.

Girman kwalba ma yana da tasiri. Babbar mai santilita 75 tana tsufa a hankali fiye da ƙaramar mai 33, saboda iskar da ke wuyanta kaɗan ce idan aka auna da yawan ruwan. Sai dai babbar da toton kwalaba ake toshe ta, shi kuwa wani lokaci yakan bushe ya saki gas, ko ya ba giya warin rima.

Akwai ta uku da za a nuna maka a kanti, ta Amurka. Misalinta Bigfoot ta kamfanin Sierra Nevada da ke Chico a Kalifoniya, kashi 9.6, tun 1983. Tsarin Ingila suka ɗauka suka labta masa hof. Sabuwarta tana ƙamshin ɓawon lemo da ƙaron itace, da ɗaci mai kama harshe. To wannan ƙamshi shi ne abu na farko da shekaru ke ɗaukewa. Mutane da yawa suna tara ta shekara-shekara, kuma bayan shekara biyu ko uku ɗacin yana risinawa ya daidaita da zaƙi, amma ka san cewa abin da ka biya kuɗi dominsa shi kake zuba ido yana tafiya. Idan hof kake so, sha ta da wuri. Haka amsar take ga masu tambaya a kan Guinness ɗin da ake yi a Najeriya, mai kashi 7.5: ba don ajiya aka yi ta ba, kwanan watan da ke jikinta shi za a bi.

Yanzu batun ɗanɗanawa da yanke hukunci, wanda ke farawa tun kwalba tana rufe. Dubi marfi: tsatsa a gefensa ko alamar ɗanko a wuya na nufin ta taɓa yoyo. Dubi inda ruwan ya tsaya. Idan ya sauka ƙasa da na 'yan'uwansa, iska ta shiga. A tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu laka ta kwanta. Kada a sha ta da ƙanƙara-ƙanƙara kamar giyar mashaya, domin sanyi mai yawa yana rufe ƙamshi. Digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas ya yi, wato a fitar da ita daga firiji a ba ta ɗan lokaci. Kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki ake so. A karkata shi, a tsiyaya a hankali ba tare da an tsaya ba, a bar kamar kaurin yatsa a gindin kwalba. Wanda ke son jin ɗanɗanon lakar ya zuba ta a wani ƙaramin kofi daban.

A shinshina nan take, sannan a ajiye kofin minti goma a sake. Wannan jira yana raba abubuwa biyu da ake yawan rikitawa. Tsohuwar giya takan fito da ɗan warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, wanda ke washewa da ta sha iska. Warin kwali kuwa ba ya tafiya, ƙaruwa yake yi, kuma a baki za ka ji shi kamar ka tauna takarda. Tsami mai kama da ruwan kal, musamman idan kwalbar ta yi ambaliya da aka buɗe, ba aikin tsufa ba ne. Wasu ƙwayoyi ne suka shiga tun farko. Warin bodari kuma haske ne ya taɓa hof, shi ya sa ake zuba irin wannan giya a kwalba mai ruwan ƙasa, kuma shi ya sa wadda ta daɗe a gaban tagar kanti ba abin saye ba ce.

Alƙalan gasar giya na ƙungiyar BJCP ta Amurka suna ba da maki 50 ne: 12 na ƙamshi, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda take zama a baki, 10 na gamsuwa gaba ɗaya, kamanni kuwa 3 kacal. Wannan rabo ya dace da tsohuwar giya sosai. Kada rashin kumfa ko ɗan gurɓacewar launi ya sa ka yanke mata hukunci, hanci da harshe su ne shaidu. Amma maki kaɗai ba zai gaya maka ko jiran ya biya kuɗin sabulu ba. Abin da zai gaya maka shi ne sabuwar kwalba irinta a gefe. Ba tare da ita ba, mutum yakan yabi shekarun da ya yi yana jira ne, ba abin da ke cikin kofi ba. Mafi kyau ma wani ya zuba maka ba ka gani ba. Na fi son a fara da tsohuwar, domin gas da ɗacin sabuwar suna dakushe harshe, ita kuwa tsohuwar muryarta ƙasa-ƙasa ce. Sai ka tambayi kanka: akwai abin da ke cikin wannan da babu a waccan, ko kuwa raguwa kawai ta yi? Bayan an haɗiye, akwai sauran ɗaci ko bauri da ke share zaƙi daga baki, ko sai an nemi ruwa? Tsohuwar giyar da ta rasa wannan ƙashin baya ta wuce lokacinta, komai daɗin ƙamshinta.

Ruwan dai a ajiye shi kusa ko ta yaya. Ƙaramar kwalbar Rochefort 10 mai santilita 33 tana ɗauke da tsantsar barasa kusan mililita 37, alhali babbar kwalba mai santilita 60 ta giyar kashi 5 mililita 30 take da shi. Ga shi tsufa ya ɓoye zafin da zai gargaɗe ka. Kwalba ɗaya ta ishi mutum biyu, kuma wanda ya sha ba shi ba tuƙi.

To wacce za a ɗauka? Idan kana zaune a Turai ko wani wuri mai sanyi, kana da lungu mai duhu da zafinsa ke tsayawa tsakanin digiri 10 zuwa 13 rani da damina, kana son zaƙi, kuma haƙuri bai yi maka wuya ba, ɗauki ta Ingila. Ita ce jira ke canjawa sosai, ita ce kuma ke yafe maka idan ka manta da ita shekara biyu fiye da yadda ka yi niyya. Harvest Ale zan fara nunawa, saboda gida ɗaya ke yin ta tun farkonta. Kada ka sayi kwalba ɗaya tilo. Sayi uku ko huɗu na shekara ɗaya, ka buɗe ta farko a makon, ka rubuta abin da ka ji a takarda ka maƙala a kwalin, sauran ka jera su a tsaye, ba a kwance ba. Idan kuwa wannan ne karonka na farko, ko ba ka son abu mai nauyi, ko kana shakkar za ka iya jira, Rochefort 10 ko babbar Chimay ta fi maka: ko yau ka buɗe ba ka yi asara ba, ko bayan shekara uku. Wanda hanya ta bi da shi Beljiyam, akwai mashayun da suka yi suna wajen ajiye tsofaffin kwalabe. Kofi ɗaya a irin wannan wuri zai nuna maka ko kana ma son ɗanɗanon tsufan, kafin ka ba shi shekara biyar na rayuwarka.

Ga wanda zai kawo ta ƙasashenmu kuwa, lissafin ya canja gaba ɗaya. Ƙa'idar da masu yin giya ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin tsufa sau biyu ko fiye. Ɗakin da ke kan digiri 32 ya ɗara ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Turai da digiri 20, wato shekara ɗaya a nan ta kai huɗu a can, ko ma fiye. Kuma tsufan zafi ba irin na sanyi ba ne, kwalin ke riga zabibin isowa. A Kano ko Maraɗi zafin Afrilu yana haura digiri 40. Jos ma da ake yabon sanyinta ba ta sauka inda ake so ta zauna a can duk shekara. Firiji yana tsayar da tsufan kusan cak, wanda ba laifi ba ne, amma idan wuta tana zuwa tana ɗaukewa, kwalbar tana hawa tana sauka ke nan, marfi yana shaƙar iska yana fitarwa. Saboda haka a nan ba ajiya za ka yi ba. Ko dai ka sayi wadda ta riga ta tsufa a hannun masu ita, kamar yadda Fuller's ke sayar da na shekarun baya da ƙarin kuɗi, ko ka ɗauki ta Beljiyam wadda ba ta bukatar jira. Idan ta iso, ta sha jijjiga a hanya, a tsayar da ita a firiji mako guda lakar ta kwanta, a kuma buɗe ta kafin bazara ta kama.